Babi na 7: Idan Zazzaɓi Ya Zo, Hanta Takan Sauya Aiki

Me ya sa maganin da mutum ya shekara yana sha lafiya lau, sai ran da mura ko zazzaɓi ya kwantar da shi maganin ya juya masa baya? Adadin bai canza ba, lokacin sha bai canza ba, wataƙila ma daga kwalin watan jiya yake ɓallowa. Amma ga jiri, ga tashin zuciya, ga barci kamar an ɗaure shi. Masu jinya sukan ce maganin ya yi masa ƙarfi ne don bai ci abinci ba. Wasu su ce jabu aka sayar musu. Duka biyun suna faruwa, babu musu. Sai dai akwai dalili na uku da ba kasafai ake ambatonsa a bakin gadon mara lafiya ba: hantar mai zazzaɓi ba ta aiki irin na hantar mai lafiya, ko da kuwa ita kanta hantar babu abin da ya same ta.

Inda magani ke bi bayan an haɗiye shi

Hantar baligi tana da nauyin kusan kilo 1.5, kuma a kowane minti jini kusan lita 1.5 yake ratsa ta. Kashi uku cikin huɗu na wannan jini daga ciki da hanji yake tasowa. Saboda haka duk abin da aka haɗiye, tuwo ne ko goro ko ƙwayar magani, sai ya bi ta hanta kafin ya kai ga sauran jiki.

Yawancin magunguna sun fi narkewa a mai fiye da a ruwa. Wannan halin ne ke ba su damar ratsa hanji su shiga jini, kuma shi ne ke hana ƙoda fitar da su cikin sauƙi. Aikin hanta shi ne ta sauya musu kama, ta mai da su abin da ruwa zai iya ɗauka, sannan su fita ta fitsari ko ta maɗaciya. Masu wannan aiki wasu sinadarai ne na furotin da ake kira inzayim, kuma dangin da ya fi kowane ɗaukar nauyin magunguna shi ne saitokurom P450, wanda masana biyu 'yan Japan, Omura da Sato, suka fayyace ko mene ne a Osaka a 1962. Ɗan Adam yana da iri 57 a wannan dangi, amma 'yan kaɗan ne ke fama da magani. Mai karatu ya riƙe uku kawai. CYP3A4 shi ne babba, yana sarrafa tsakanin sulusi zuwa rabin magungunan da likitoci ke rubutawa. CYP1A2 shi ke kula da kafin ɗin da ke cikin goro da shayi da kofi, da maganin asma mai suna tiyofilin. CYP2C19 kuma yana taɓa wasu magungunan gyambon ciki da na hana jini daskarewa.

Duk likitan da ya rubuta "ɗaya safe, ɗaya dare" ya dogara ne da saurin waɗannan inzayim. Lissafinsa shi ne kafin na dare ya shiga, hanta ta rage na safe. Idan saurin ya ragu da rabi, mutum kuma ya ci gaba da shan adadin da ya saba, cikin 'yan kwanaki abin da ke yawo a jininsa zai ninka. Bai ƙara ko ƙwaya ɗaya ba, amma jikinsa yana ɗauke da na mutum biyu.

Waɗanda ke zaune a bakin hanya

Jinin da ya taso daga hanji ba abinci da magani kaɗai yake kawowa ba. Hanji cike yake da bakteriya, kuma kullum ɓurɓushinsu yana tsallakowa cikin jini. Shi ya sa a cikin ƙananan hanyoyin jinin hanta, manne da bango, akwai wasu ƙwayoyin halitta na garkuwar jiki da aikinsu shi ne cafke duk baƙon abu su haɗiye: bakteriya, tsofaffin ƙwayoyin jini, tarkace. Ana kiransu ƙwayoyin Kupffer, da sunan Bajamushen da ya fara bayyana su a 1876, Karl Wilhelm von Kupffer. Shi a zatonsa wani ɓangare ne na bangon hanyar jinin. Sai a 1898 wani masani ɗan Folan, Tadeusz Browicz, ya gane cewa masu haɗiye ƙwayoyin cuta ne. Babu wata gaɓa a jiki da ta tara irinsu da yawa kamar hanta.

A ranakun lafiya suna aikinsu shiru. Dole su yi shiru, domin da za su tayar da hankali a kan kowane ɓurɓushin bakteriya da ya biyo bayan cin abinci, da kowa zai yi zazzaɓi sau uku a rana. Amma idan abin ya fi ƙarfin na kullum, sai su saki wasu sinadaran aike da ake kira saitokin. Guda uku sun fi shahara: IL-1 da TNF da IL-6. Su ne ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon ta ɗaga zafin jiki, su ke sa mara lafiya ƙin abinci da ciwon gaɓɓai da kasala. Wannan yanayi shi ne kumburi, kuma ba sai an ga wuri ya tasa an taɓa an ji zafi ba. Mai limoniya, mai maleriya, wanda aka yi wa babbar tiyata jiya, mai amosanin gaɓɓai, duk jininsu ɗauke yake da waɗannan saƙonni.

Ainihin ƙwayoyin hanta, masu ɗauke da inzayim ɗin sarrafa magani, suna dab da ƙwayoyin Kupffer, siririn bango mai huji-huji ne kawai tsakaninsu. Don haka su ne farkon jin saƙon, kuma da ƙarfinsa. Ko da cutar a huhu take ko a gwiwa, saitokin ɗin can sukan biyo jini su iso hanta, ƙwayoyin Kupffer su amsa su ƙara nasu a kai.

Yara 11 a Siyatil

An fara lura da abin ne a jikin dabbobi. A 1976, Kenneth Renton da Gilbert Mannering a Jami'ar Minnesota ta Amurka suka ba ɓeraye sinadaran da ke sa jiki ya fitar da intaferon, wato ɗaya daga cikin makaman da jiki ke yaƙar bairas da su. Da suka duba hantar ɓerayen sai suka tarar P450 ya ragu. Shekara biyu bayan haka wasu likitoci suka ba da rahoton cewa tiyofilin yana daɗewa a jinin yara masu asma idan mura ta kama su.

Sai annobar mura mai tsanani, nau'in B, ta ratsa yankin Siyatil na jihar Washinton a 1980. Yara 11 masu asma, waɗanda suka daɗe a kan adadin tiyofilin guda ba tare da matsala ba, suka fara nuna alamun maganin ya yi musu yawa. Takwas suka yi ta tashin zuciya da amai, biyu har da jijjiga. Ba a ƙara musu magani ba. Hantarsu ce ta rage gudu.

Dalilin da ya sa tiyofilin ya tona wannan asiri kafin sauran magunguna shi ne ƙuncin tazarar da ke tsakanin amfaninsa da cutarwarsa. A wancan zamani ana son ya tsaya tsakanin miligiram 10 zuwa 20 a kowace litar jini. Ƙasa da haka ba ya buɗe ƙirji sosai, sama da haka ya fara zama guba. Yaron da ke kan 15 yana zaune lafiya. Idan hantarsa ta rage aiki da rabi, ya nufi 30 ke nan.

A 1994 aka gwada abin kai tsaye a jikin mutane a jihar Kentaki. An samu masu lafiya da suka yarda, aka yi musu allurar ɗan ƙanƙanin sinadarin da ke jikin ɓawon bakteriya, wanda ba ya haihuwa ba ya yaɗuwa, amma garkuwar jiki tana ganinsa ta ɗauka cuta ta shigo. Suka yi zazzaɓi na 'yan sa'o'i, saitokin suka hau, saurin fitar da tiyofilin da wasu magunguna biyu ya sauka. Wannan gwaji ya raba gardama: ba ƙwayar cutar ce ke taɓa inzayim ɗin ba, martanin jiki ne.

Rawar ƙwayoyin Kupffer kuwa an ga ta a ɗakin gwaje-gwaje. An raini ƙwayoyin hantar mutum su kaɗai a faranti, aka zuba musu wani saitokin mai suna IL-2, CYP3A bai motsa ba. Da aka haɗa su da ƙwayoyin Kupffer aka maimaita, sai aikinsa ya faɗi. Ƙwayoyin Kupffer ne suka karɓi saƙon, suka juya shi zuwa wanda maƙwabtansu ke ji.

Abin da hanta ke yi da saƙon

Kowa ya san halin tela idan sallah ta gabato. Shagon yana buɗe har tsakar dare, keke bai lalace ba, shi ma telan lafiyarsa ƙalau, hasali ma bai taɓa aiki kamar na wannan makon ba. Amma wanda ya kawo faci ko rage tsawon wando sai ya haƙura, domin ɗinkin sallah ya sha gaban komai, kayan gyara kuma suna ta taruwa a kusurwa. Haka hanta take idan IL-6 ya iso. Takan koma ƙera furotin na gaggawa: masu manne wa bakteriya don a gane su, masu taimaka wa jini ya daskare a bakin rauni, da wani mai suna hefsidin da ke ɓoye ƙarfen jini don kada ƙwayoyin cuta su samu. Ayyukan yau da kullum, ciki har da ƙera inzayim ɗin magani, sai su ja baya.

Ɗaya daga cikin furotin ɗin gaggawar shi ne CRP, wanda aka gano a 1930 a jinin masu limoniya a birnin Niyok. A jikin mai lafiya bai cika wuce miligiram 5 a lita ba, amma a tsananin cuta yakan haura 100. Yau ana auna shi a asibitoci da yawa, kuma da yake umarni ɗaya ne ke ɗaga shi yake sauke CYP3A4, hawan ɗaya alama ce ta saukar ɗayan.

Ba shagala kawai ke jawo saukar ba, akwai umarni a ciki. Kowane inzayim yana da tsarin ƙirarsa rubuce a cikin ƙwayar gado, kuma akwai wasu furotin da aikinsu shi ne buɗe wannan rubutu don a karanta. Saƙon kumburi yana tashin wani furotin, NF-kB, wanda ke shiga tsakani ya hana masu buɗewar haɗuwa da abokan aikinsu, sai ƙirar sabon inzayim ta ragu. Akwai kuma hanya ta biyu: hanta mai kumburi tana fitar da iskar naitirik oksaid, wadda ke iya manne wa ƙarfen da ke tsakiyar P450 ta toshe shi, ta kuma sa a rushe wasu nau'ukansa da wuri. Da yake tsohon inzayim ba ya ɓacewa nan take, raguwar takan ɗauki kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki kafin ta nuna, kuma ba ran da zazzaɓi ya sauka take komawa daidai ba.

Me jiki ke ci da wannan? Masana sun rabu. Wasu na ganin tattalin kayan aiki ne. Wasu sun ce P450 yana fitar da wasu tarkace masu ƙona ƙwayoyin halitta yayin aikinsa, don haka rage shi kariya ce ga hanta a lokacin da take cikin wuta. Ko wanne ne, tsari ne da ya girmi ƙwayar magani nesa ba kusa ba, kuma ba a yi shi da lissafin mai shan magani safe da dare ba.

Maleriya, kwinin da goro

A ƙasashen da sauro ya yi katutu, maleriya na cikin manyan cututtukan da ke tayar da ƙwayoyin Kupffer. Su da 'yan'uwansu na saifa ne ke haɗiye jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga, har baƙin launin da ƙwayar maleriya ke bari yakan taru a cikinsu.

Kwinin, tsohon maganin da manya suka sani da ɗaci da sa kunne ƙara, CYP3A4 ne ke sarrafa shi. Binciken Nicholas White da abokan aikinsa a Tailan a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa a jikin mai lafiya rabin kwinin yakan bar jini cikin sa'o'i kusan 11, a jikin mai maleriya sa'o'i 16, a mai tsananin maleriya kuwa 18. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan mai karɓar kwinin ta jijiya ya kai sa'o'i 48 bai samu sauƙi ba, ko ƙodarsa ta samu matsala, a rage masa sulusin adadin. Yanzu atesunet ne kan gaba wajen maleriya mai tsanani, amma ba a daina ajiye kwinin ba.

Labarin kwinin yana da wani lanƙwasa da ya kamata a tsaya a kansa. Cikin furotin ɗin gaggawar da hanta ke ƙarawa akwai wanda ke kama kwinin ya riƙe a cikin jini, kuma maganin da aka riƙe ba ya taɓa zuciya ko ido. Saboda haka mai tsananin maleriya yana iya ɗaukar yawan kwinin da zai wahalar da mai lafiya, shi kuma bai cutu haka ba. Kumburin da ya tara maganin shi ne kuma ya ɗaure wani kaso nasa. Wannan ya isa ya hana mu ɗaukar ƙa'idar "zazzaɓi na nufin a rage magani" a matsayin doka. Kowane magani da nasa lissafin.

A Ibadan ma an yi irin wannan awo, da sinadarin kafin maimakon kwinin. Rahoton da aka wallafa a 2000 ya nuna cewa yara masu maleriya sun fi masu lafiya jinkirin fitar da shi, alamar CYP1A2 ya yi sanyi. Mai cin goro da ya ga ɓari guda ya hana shi barci a makon da yake fama da zazzaɓi, ba lallai ne goron ya canza ba.

Idan kumburi ya lafa

Abin yana da ɗaya fuskar, kuma ita ce ta fi saurin kuɓuce wa likita. Mai amosanin gaɓɓai irin na garkuwar jiki yana shekaru da IL-6 a sama, hantarsa ta saba da tafiyar hawainiya, an kuma daidaita masa sauran magungunansa a kan haka ba tare da kowa ya sani ba. Sai a ba shi tosilizumab, allurar da ke toshe saƙon IL-6. Gaɓɓai su yi sauƙi, hanta kuma ta farka. A wani bincike na 2011, mako ɗaya bayan allurar, yawan simbastatin, maganin rage kitsen jini, ya faɗi da kashi 57 cikin 100 a jinin marasa lafiyar. Allurar ba ta taɓa simbastatin ba ko kaɗan. Kumburin ta cire, inzayim ya dawo.

An sake ganin haka lokacin korona. A birnin Basel na Suwizalan a 2020, an auna lofinabir, wani maganin ƙanjamau da aka gwada a kan masu korona, aka tarar ya taru a jininsu fiye da yadda aka saba gani ga masu ƙanjamau, kuma ya fi taruwa ga masu CRP mai yawa. Waɗanda aka riga aka yi wa tosilizumab nasu bai kai haka ba.

Akwai kuma magungunan da a kwance suke shiga jiki, sai hanta ta tashe su. Kilofidogirel, da ake ba masu ciwon zuciya don hana jini daskarewa, yana jiran CYP2C19. Ga irin waɗannan, sanyin hanta ƙarancin aiki yake jawowa, ba yawa ba.

Su wa abin ya shafa?

Yawancin magunguna suna da faɗin tazara. Ko sun ɗan taru na kwana uku, jiki zai jure. Mai shan maganin gyambon ciki da mura ta kama ba shi da abin tashin hankali. Damuwar tana kan 'yan kaɗan masu ƙuncin tazara: tiyofilin da ɗan'uwansa aminofilin, waɗanda har yanzu ana amfani da su a asibitocinmu, wafarin na tsinka jini, kilozafin na masu taɓin hankali mai wuyar magani, magungunan da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda, da wasu na ciwon daji. A Sidni ta Ostareliya, wani bincike na 2002 ya samu aikin CYP3A ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 ga masu ciwon daji da CRP ɗinsu ya hau.

Haɗarin yakan fi girma ne idan dalilai suka hau kan juna. A ɗauki mai shan kilozafin, wanda kuma yake shan sigari. Hayaƙin sigari yana ƙara wa CYP1A2 gudu, don haka adadin da aka ɗora shi a kai mai yawa ne. Sai limoniya ta kama shi. Kumburi ya rage inzayim ɗin, ke nan ɗaya. Tari ya hana shi shan sigari, abin da ke zaburar da inzayim ɗin ya tafi, biyu. Wani ɗan'uwa ya je kemis ya ce zazzaɓi ne ya ƙi sauka, aka ce taifod ne, aka ba shi sifurofuloksasin, wanda shi kansa yana toshe CYP1A2, uku. Cikin kwanaki kaɗan sai a ga mutum yana barci ba ji ba gani, yawu na dalala, ba ya iya tsayuwa, a ce ciwon nasa ne ya tashi. Saboda irin haka ne masana kilozafin ke ba likitoci shawarar su auna jini, su kuma rage adadin, sau da yawa da rabi, har cutar ta wuce.

A ganina kuskure biyu ne suka fi yawa a gidajenmu, kuma kishiyoyin juna ne. Wani yakan ci gaba da ɗura wa mara lafiya magani yana ganin alamun ya yi yawa, wai ai likita ne ya rubuta. Wani kuma da zarar zazzaɓi ya zo sai ya dakatar da komai, alhali yanke wafarin ko maganin dashen ƙoda kwatsam na iya fin taruwarsa muni. Wanda ke kan ɗaya daga cikin waɗancan magunguna, idan zazzaɓi ya wuce kwana ɗaya ko biyu, ya nemi likitansa ko masanin harhaɗa magunguna, ya tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har da na gargajiya. Idan kuma an rage masa adadi, ya tambayi ranar da za a sake dubawa, domin hanta za ta dawo da gudunta, adadin jinya kuma ya koma bai isa ba.

Yawancin abin da muka gani a nan rage gudun hanta ne. Akwai magungunan da ke yin akasin haka, su zaburar da ita ta riƙa cinye wasu magungunan kafin su yi aiki. Babbansu shi ne rifamfisin, maganin tarin fuka mai mai da fitsari ja, wanda tun farkon shekarun 1970 aka lura yana sa mata ɗaukar ciki alhali suna shan ƙwayar tazarar haihuwa a kan ƙa'ida. Da shi za mu buɗe babi na 8.